Wayar da Na Riƙe a Aljihu

Lawali, kai da ƴan'uwanka kun daɗe kuna tambayata yadda aka yi na je har Abijan ci-rani na dawo babu rediyo, babu keke, sai akwatunan katako biyu masu ƙwayayen fitila. Na ga ya fi in zauna in rubuta a karanta muku, domin in da baki na faɗa, gobe wani zai ƙara nasa a ciki ya ce daga gare ni ya ji.

Guzurin da na fita da shi daga Madarumfa kifi ne. Inna ta yi bandar tarwaɗa ta cika buhu, ta ce in sayar a Maraɗi in yi kuɗin mota, abin da ya saura in ɗaure a zariya, kada in kwance shi a gaban kowa. Wannan bayan farin nan ne da ya ƙarar da dabbobi, lokacin da duk saurayi mai ƙafa yake neman hanyar Kurmi. Ana gobe zan tashi, Kawu Ɗan Baro ya zo daga garin Sarkin Yamma. Kun san shi da maganin cizon maciji, kun kuma san bai bar hanyar kakanni ba. Abin da wataƙila ba ku lura da shi ba shi ne yadda yake koyarwa. Duk wanda ya zauna a hannunsa, zai nuna masa ganye da ɓawo da yadda ake jiƙawa, amma sai ya riƙe saiwa guda, ba zai faɗi sunanta ba sai ya daɗe yana auna halin mutum. Ya ja ni bayan rumbu ya ce, "Rabe, can inda za ka, idonsu a buɗe yake, hannunsu kuma da sauri. In ka san abu ka nuna shi, amma ka riƙe saiwarsa." Na ce to. Maganar ta shige ni ƙwarai, don dama can ni mutum ne da ba na son a leƙa mini aiki.

Kun san na yi lakwal, wato makarantar boko, har ajin ƙarshe ban sami wucewa ba. Abin da na fito da shi daga can shi ne ɗan Faransancin tambayar hanya, da kuma tunanin ranar da mushe, wato malaminmu, ya haɗa pil, batirin nan na tocila, da waya da ƙwan tocila a gabanmu, wuta ta kama. Tun ina yaro kuma ni nake ƙirƙiro wa abokaina wasa a bakin tabki: in shata ƙasa, in kafa dokoki, in ba su ci ba su ce na cuce su. Ban taɓa zaton waɗannan abubuwa biyu za su haɗu su zama sana'ar da mutum zai nema ba.

Hanya ba zan tsaya kanta ba. Kamiyo, wato babbar motar dako, ya kai mu Yamai, wani ya kai mu Wagadugu, daga can jirgin ƙasa. Duk wanda ya yi mini fara'a a hanya sai na dafa zariyata.

A Abijan na sauka wurin Mamman Ɗan Gabi, wanda ubansa da Baba suke abota tun suna samari. Yawon tallar atamfa yake yi, yana da ɗaki a unguwar Tireshibil, cikin wani babban gida na ƴan haya. Mai gidan wata mace ce ƙaƙƙarfa da kowa ke kira Tanti. Can duk babbar mace Tanti ce. Ni da na fara ji na zaci irin tantin da sojoji ke kafawa ake nufi, har na yi ta duba tsakar gida. Mamman ya yi mini dariya har ya riƙe ciki, ya kuma yaɗa wa duk mutanenmu na unguwar. Tun daga ranar na soma auna abin da nake faɗa a gabansa.

Shi ne dai ya samo mini aiki a wani atiliye, wato wurin gyara, inda ake kawo injunan wasa na gidajen sinima da na shaye-shaye in sun lalace. Akwai tebur mai ƴan mutane na katako da ake murɗawa suna buga ƙwallo, ana ce masa babifut. Akwai kuma babban, wanda suke kira filifa: akwati ne mai ƙafafu da murfin gilashi, ana harba ƙwallon ƙarfe a ciki, yana buge-buge, fitilu na kamawa, lambobi na juyawa. Aikina dako da shara da goge katako a tsakar fili. Wata rana aka ce in riƙe murfin wani filifa yayin da ake duba cikinsa, sai na leƙa. Wayoyi ne kamar saiwar gamji, da wasu ƙananan ƙarafa jere da ake kira rale, waɗanda in wuta ta shiga ɗaya sai ya ce ƙas, ya buɗe wa wani hanya ko ya rufe. A nan na gane cewa wasan ba a cikin ƙwallon yake ba, ba a fentin ba. Wani mutum ne ya zauna ya yanke cewa in ƙwallo ya bugi nan a kunna can, in ya faɗa rami sau kaza a kashe wasa, sa'an nan ya rubuta wannan doka da waya. Abin da nake yi da tsinke a bakin tabki, shi ya yi da wuta. Daga ranar ban ƙara son wani aiki a duniya ba sai wannan.

Atiliyen kashi biyu ne. Mu muna waje cikin rana. A ciki akwai ɗaki mai dogon tebur inda ake haɗa wayoyi, shugabansa Shef Anzumana, mutum mai sanyin murya da tsabtar riga, wanda ya iya ɗan Hausa don ya zauna da fatake. Sama da shi akwai mai wurin, suna ce masa patron, bakinmu ya mai da shi Fataro. Sai labari ya fito cewa Fataro ya gaji da jiran kaya daga Turai, yana so a fara ƙera injunan wasa a nan, kuma zai ƙara mutum ɗaya a teburin ciki. Na yi ƙarfin hali na tare shi. Ya tambaye ni takardar shaida, na ce ba ni da ita. Ya ce shi takarda ba ta dame shi ba, in kawo masa dosiye. Na tambayi Shef mene ne dosiye, ya ce tarin ayyukan da mutum ya yi da hannunsa, waɗanda za a duba a san ko ya iya. Wato ba a tambayar ɗan wane ne kai, ana tambayar me ka yi.

Na shiga tara kaya. Duk matacciyar rale da guntun waya da za a zubar sai na roƙa, kuma ba na roƙo sai a gaban mutane, don kada gobe a ce sata na yi. Akwai wani siririn katako da suke kira kwantirafilake. Mamman ya kasa faɗa, ya sa masa suna kwantar-da-falke, ya ce ai da ganin farashinsa haka ne. Da shi na yi akwatunan. Ranar Lahadi nake aiki, lokacin da Mamman ya fita talla. In na ji takunsa sai in rufe komai da bargo in tura ƙarƙashin gado. Yakan ce, "Ɗan Madarumfa, ko gawa kake ɓoyewa ai ka bari in taya ka haƙa rami." Ni kuwa in yi murmushi kawai. Nakan ɗora zare ɗaya a kan bargon kafin in fita aiki, in na dawo in duba ko ya motsa. Sau da yawa ya motsa. Har yau ban sani ba ko Mamman ne, ko ɓera, ko iskar taga.

Wata Lahadi na jona aikina a kuran ɗin gidan, wato lantarki, sai wuta ta ɗauke a duk ɗakunan. Kafin in naɗe waya Tanti tana bakin ƙofa.

"Me kake dafawa a ɗakina?"

"Ba komai, Tanti."

"Ba komai ne ke wari kamar an ƙona roba? Matsa in gani."

Na tsaya a ƙofar na buɗe hannuwa. Ta ce ko dai kuɗin jabu nake bugawa ko kuwa tsafi nake yi da kuran ɗinta, kuma duk wanda ne a ciki zan bar mata gida. Na ce mata aikin neman abinci ne, amma ba a ganinsa sai ya kammala. Ta ce ita ma ɗakinta na neman abinci ne. Da ƙyar Mamman ya lallashe ta da yamma da ɗankwali guda daga cikin kayansa. Bayan haka na sayi tsohon batirin mota, ban ƙara taɓa kuran ɗinta ba, amma duk da haka in ta wuce ƙofarmu sai ta rage tafiya.

Akwati uku na gama. Na farko na gwada saurin hannu ne tsakanin mutum biyu. Na biyu na tuna jerin fitilu ne, inji ya kunna, kai ka maimaita. Na uku shi ne wanda zuciyata take kai. Na jera ƙwayayen fitila a lanƙwashe, daidai yadda bakin tabkinmu ya lanƙwasa in ka tsaya daga wajen gari. Haske ɗaya ne ke gudu daga ƙwai zuwa ƙwai, shi ne tarwaɗa, in ta kai ƙarshe ta juyo. A tsakiya akwai jan ƙwai, shi ne wurin da masunci ke jefa birgi. In ka danna maɓalli daidai lokacin da tarwaɗa ke kan ja, ka kama, lamba ta ƙaru, ta kuma ƙara sauri. In ka kuskure, wasa ya mutu, sai wani ya zo. Abin da ke tura hasken ɗan injin nan ne mai juya abin share gilashin mota. Nawa tsoho ne, haƙorinsa ɗaya ya ci, saboda haka tarwaɗar takan ɗan yi ɗingishi kafin ta kai jan ƙwai. Na so in gyara, daga baya na ga ɗingishin ne ke rikita mai wasa, na bar shi.

Ban da ni babu wanda ya taɓa danna maɓallin nan. Ku riƙe wannan.

Ranar da na kai su a amalanke, na zaci Fataro zai zauna in kunna masa. Sai na tarar yana shirin tafiya garin Buwake. Ya ce in bar su wurin Shef, in ya dawo zai duba. In bar aikina a ɗakin da ke cike da turnabis na kwance kusoshi da mutanen da suka fi ni sanin waya? Na roƙi a bar ni in share musu ƙura, na ja su gefe, na buɗe bayan kowane na cire waya ɗaya. A na tarwaɗa na cire wadda ke gaya wa inji abin da zai yi in an kuskure. In babu ita, da zarar mutum ya danna ba daidai ba, komai sai ya tsaya cik, rale na kuka kamar ƙudan zuma. Dabarata ita ce ranar da aka kira ni in fito da wayar daga aljihu, in liƙa ta a gaban Fataro, akwati ya tashi a hannuna, kowa ya san mai shi. Na fita ina jin na yi yadda Kawu zai yi.

Ba a kira ni ba. Fataro ya dawo, ya shiga ɗakin ciki, ya danna maɓallan da kansa ina can waje ina goge ƙafar babifut. Da azahar Shef ya fito ya same ni, ya ce cikin tausasa murya akwatunana matattu ne, Fataro ya ji haushin ɓata masa lokaci. Na zaro wayoyin uku na nuna masa, na yi masa bayani. Ya dube su, ya dube ni, ya ce Fataro ba ya duba abu sau biyu. Na ƙi yarda, na jira har Fataro ya fito zai shiga mota, na sha gabansa da wayoyin a tafin hannu. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Injin da ba ya aiki sai mai shi na tsaye a gefe, me zan yi da shi? In saka ka a cikin kowane gidan sinima?" Direba ya ja mota.

Aka mayar mini da akwati biyu. Kan kusoshin bayansu duk ya goge, alamar an kwance an mayar. Na tambayi na tarwaɗa, Shef ya ce an wargaza shi an ɗebi rale, tunda dai kayan atiliye ne tun asali. Na ce a nuna mini ko katakon. Ya ce an hura wuta da shi. Ban yarda ba, amma ba ni da abin kamawa. Na ci gaba da shara, kunnena na wajen ɗakin ciki. Na lura an fara rufe ƙofarsa da rana, abin da ba a saba ba. Na lura in na shiga ɗauko bola ana jefa zane a kan wani abu a kusurwa. Na gaya wa Mamman, ya ce ni ko inuwata ta bi ni sai na ce aiko ta aka yi.

Bayan wani lokaci aka aike ni unguwar Ajame da kaya. A ƙofar wani gidan sinima na ga samari sun yi cincirindo suna ihu da dariya. Na kutsa. Sabon inji ne dogo, mai fenti shuɗi, an zana teku da jirgin ruwa da wani ƙaton kifi mai haƙora. Amma fitilun a lanƙwashe suke, kuma wannan lanƙwasar ba ta teku ba ce. Bakin tabkin Madarumfa ne. Na tsaya ina kallon hasken yana gudu, ina cewa a raina wataƙila dace ne. Sai ya zo dab da jan ƙwai ya yi ɗingishi. Sun kwafa har da cin haƙorin, don sun zaci da gangan na yi shi.

Na jefa dala biyar, na kuskure da niyya, don in ga yadda suka yi da gurbin da na bari. Wasan bai mutu ba. Tarwaɗar ta juya da baya a guje, kamar ta ga birgi ta kauce, ta je ƙarshe ta dawo tana ɗingishi a gabana. Samarin suka fashe da dariya, wani ya dafa kafaɗata ya ce kifi ya raina ni. Sai an kuskure sau uku wasa ke ƙarewa. Nan take na gane abin da aka yi: an ɗauki bakin da na bari a sake an jona shi da rale mai juyar da haske. Zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Wannan ya fi nawa. Nawa yana korar wanda ya kuskure, wannan yana tsokanarsa ya sake. Ina tsaye cike da fushi, babban yatsana kuwa yana so ya ƙara dannawa.

Washegari na sami Shef shi kaɗai a teburinsa. Na gaishe shi yadda ya kamata, sa'an nan na ce na ga tarwaɗata a Ajame. Bai yi musu ba, bai kuma ajiye ƙarfen dalmar da ke hannunsa ba. Ya ce abin da na kawo mataccen akwati ne, Fataro da yatsansa ya shaida haka, wanda ke aiki a Ajame kuwa shi ya tayar da shi. Na ce jiki nawa ne, gudu nawa, ɗingishi nawa, waya ɗaya ce tasa.

"To, wa ya taɓa ganin naka yana aiki?" in ji shi. "Kawo mini mutum ɗaya, mu je gaban Fataro."

Na duba duk Abijan a cikin kaina ban sami kowa ba.

Da na koma gida na je wurin Tanti, ko za ta ce ta san ina ƙera wani abu. Ta ce abin da ta sani shi ne na kashe mata wuta na kuma tare mata ƙofa, in ana neman shaidar wannan a kira ta. Mamman kuwa ya ce shi zai je ya rantse ya gani, ai ƙaryar da za ta ƙwato gaskiya ba laifi ba ce. Na tambaye shi, to in aka ce ka faɗi abin da ke faruwa in an kuskure, me za ka ce? Ya ce sai in koya masa. Na ƙura masa ido, ina so in gane ko da gaske bai sani ba, ko kuwa ya daɗe da ɗaga bargon nan. Fuskarsa ba ta nuna mini komai ba. Na ce masa na gode, amma ba zan sa ɗan abokin Baba ya rantse kan abin da bai gani ba.

Shef da kansa ya sake nemana. Ya ce shi ba azzalumi ba ne, ya san ina da kai. Zai yi wa Fataro magana a ba ni kujerar nan ta ciki, in zauna ƙarƙashinsa, in kawo sauran wayoyin biyu da duk wani wasa da ke raina, albashi ya fi na shara nesa. Abin da na bar gida dominsa ke nan aka ajiye a gabana. Mamman ya ce in na ƙi to lallai an yi mini asiri. Na yi ta juya maganar, daga ƙarshe na koma da sharaɗi ɗaya. Na ce mu shiga wurin Fataro tare, ya faɗa da bakinsa cewa akwatin nawa ne, juyawar tasa ce. Ban nemi a biya ni ba, ban nemi a cire sunansa ba. Ya yi ƴar dariya ya ce, "Rabe, kujera ɗaya ce, ba ta ɗaukar suna biyu." Na ce to a bar ta. Ko Fataro ya san yadda aka yi, wannan har yanzu ina tunaninsa. Ranar da na yi sallama ya ba ni hannu, abin da bai taɓa yi ba, kuma bai dubi idona ba.

Kafin in taso na yi abin da ban taɓa yi ba. Ranar Lahadi na mayar da wayoyin a akwatuna biyun, na fito da su tsakar gida, na ce kowa ya zo ya taɓa. Ƴan haya suka taru. Tanti ta ture kowa ta zauna gaban na saurin hannu, ta kira Mamman ya kara da ita. Ta cinye shi, ta sake cinye shi, ta cinye wani magini da wani ɗan sanda. Na yi mamakin wannan sauri, na sunkuya na duba, ashe tun kafin fitila ta kama take danne maɓallin ba ta ɗagawa, injin kuma yana ba ta ci. Ni da na yi ta gwada shi ni kaɗai ban taɓa tunanin wani zai yi haka ba, domin ni na san doka, ina binta. Da na ce mata wannan cuta ce, ta ce injin bai ce ba. A zama ɗaya ta nuna mini ɓarakar da da Fataro ya gani, ko wayar na ciki, da ya kore ni. Na gyara shi a gabansu, suna kallo, suna ba ni shawarar da ban tambaya ba.

Na taso da farkon damina, na iso gida ana shuka. Sauran kun sani. Na sake ƙera tarwaɗa, da batirin kamiyo da nake kaiwa Maraɗi a cika. Na sa mata juyawar nan ta Shef, kuma duk wanda ya yaba juyawar ina gaya masa ba ni na ƙirƙiro ta ba. Duk sabon wasan da na fara, tun yana rabi nake fito da shi kasuwa, a danna, a zaga, a karya, in gyara. In wata rana na koma neman kujera a wani birni, waɗannan ne dosiyena, kuma zan kunna su da hannuna a gaban mai dubawa, ko in ɗauke abina in tafi. Kai Lawali da na ga kana tara pil da ƙwan tocila a tukunyar Inna kana rufewa da faifai, da kai nake.

Ranar kasuwar da ta wuce wani Alhaji mai motocin dako da ke bin hanyar Jibiya ya tsaya kaina ya daɗe. Ya buga, kifi ya kauce masa, ya sake bugawa. Ya tambaye ni ko ba na tsoron wani ya gani ya kwafa, tunda ga shi a fili. Na ce ya tambayi duk wanda ya ga dama a kasuwar nan na wane ne. Ya tsayar da Gwaggo Balki mai kifi tana wucewa da tire a ka. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Akwatin Rabe ne, wanda ya hana mazanmu zuwa su."

Alhaji ya yi dariya, ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya. Ya ce yana da ubangida a Katsina mai son irin waɗannan abubuwa, in ba shi aron akwatin ya kai masa ya gani, ranar kasuwa mai zuwa zai dawo mini da shi lafiya, ga motarsa, ga sunansa, kowa ya san shi. Yana magana idonsa na kan kusoshin baya.

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Motarka tana da kujera. Ka ɗauko ubangidan naka ya zo nan, zan kunna masa, amma sai ya bi layi."

Na juya bayan akwatin ya fuskanci bango, na kira na gaba.